Rundunar Kambisis: Ina Dakaru 50,000 Suka Shiga a Hamadar Masar?

A wajen shekara ta 550 kafin Miladiyya, wani sarki daga tsaunukan kudancin Iran mai suna Sairus ya karya daular Mediya, ya haɗe ta da ƙasarsa ta Farisa. Bayan haka ya ci Lidiya, wadda ke cikin Turkiyya ta yau, ya shiga Babila a 539. Lokacin da ya mutu a 530, babbar daula ɗaya ce ta rage a wannan yanki ba ta yi wa Farisa mubaya'a ba, ita ce Masar. Ɗansa Kambisis na Biyu ya gaji karaga, ya gaji burin cin Masar tare da ita.

Masar tana hannun Fir'auna Amasis, dattijo mai dabara wanda ya haura shekara 40 a kan mulki. Ya mutu a 526, ɗansa Samtik na Uku ya hau, bai kai shekara ba Farisawa suka iso. Babban shingen da ke gabansu shi ne busasshiyar ƙasar Sina'i. Marubucin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya ce Kambisis ya ƙulla yarjejeniya da wani sarkin Larabawa, wanda ya cika salkunan fata da ruwa, ya ɗora wa raƙuma, ya jira rundunar a kan hanya. Da wannan ruwa suka tsallaka, suka fatattaki Misirawa a Felusiyum a 525, birnin Mamfis ya faɗi, aka kama Samtik. Wannan batu na salkuna yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin ya nuna cewa Kambisis da hafsoshinsa sun san ba a shiga hamada sai an shirya ruwa.

Shekarar 524: abin da aka ce ya faru

Daga nan labarin ya koma bakin mutum ɗaya. Hirodotus, wanda aka haifa wajen 484, ya ziyarci Masar kimanin shekara 70 bayan zuwan Kambisis, ya rubuta abin da aka faɗa masa. Duk wanda ya yi maganar ɓacewar wannan runduna daga baya, daga rijiyarsa ya ɗebo.

A cewarsa, Kambisis ya shirya yaƙi uku. Na farko a kan birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, wanda bai yiwu ba saboda matuƙan jiragen ruwansa Finikiyawa ne, sun ce ba za su yaƙi 'yan'uwansu ba. Na biyu a kan ƙasar Kush, kudu da Masar, cikin Sudan ta yau, kuma shi da kansa ya ja wannan. An ce guzuri ya ƙare tun ba su ci kashi ɗaya cikin biyar na hanya ba, suka cinye dabbobin kayansu, suka koma cin ciyawa, har ta kai suna jefa ƙuri'a su cinye mutum ɗaya cikin goma. Nan sarki ya juyo.

Na uku shi ne abin da ya dami masana har yau. Hirodotus ya ce da suka isa birnin Tibis, wato Luksor ta yanzu, Kambisis ya ware mutum 50,000, ya umarce su da su je su bautar da mutanen Amun, su ƙone ɗakin tsafinsu. Yawancin masu karatu sun ɗauka dausayin Siwa ake nufi, kusa da iyakar Libiya, inda matsafan gunkin Amun suka shahara da duba har a ƙasar Girka. Rundunar ta tashi da jagorori, ta yi kwana bakwai cikin rairayi, ta isa wani gari da ake ganin Kharga ne. Daga nan ba a sake ganinta ba: ba ta isa inda aka aike ta ba, ba ta komo bakin Nilu ba. Mutanen Amun ne, in ji Hirodotus, suka ce da rundunar ta kai tsakiyar hanya, tana zaune tana cin abinci, sai wata iska mai ƙarfi ta taso daga kudu ta binne su duka.

Ya kamata a lura cewa shi kansa Hirodotus ya raba zancen gida biyu. Isar su Kharga ya kawo ta a matsayin abin da aka sani. Iskar kuwa ya jingina ta ga waɗanda aka je yaƙa, mutanen da suke da riba idan duniya ta yarda cewa gunkinsu ya kare kansa.

Akwai kuma dalilin yin taka-tsantsan da duk abin da ya faɗa game da Kambisis. Ya siffanta shi da mahaukaci, har ya ce ya soki bijimin Afis, wanda Misirawa ke girmamawa, ya kashe shi. Amma a maƙabartar bijimai ta Sakkara an samu rubutun da ke nuna an binne wani Afis da cikakkiyar karramawa a 524, kuma Kambisis ne ya ba da akwatin dutsen. Wani babban jami'in Masar mai suna Ujahoresnet, wanda mutum-mutuminsa ke gidan tarihi na Batikan, ya rubuta cewa sarkin ya girmama ɗakin bautar birnin Sayis. Abin da Kambisis ya yi da gaske shi ne ya rage kuɗin shigar ɗakunan bauta da yawa, kuma jikokin matsafan da aka taɓa wa aljihu suna cikin mutanen da Hirodotus ya zauna da su.

Hanya da lissafin ruwa

Taswira ma tana da tata tambayar. Wanda ke son zuwa Siwa daga Mamfis, hanyarsa ita ce ya bi gaɓar tekun Bahar Rum zuwa inda Marsa Matruh take a yau, ya karkata kudu kimanin kilomita 300. Ita Iskandar na Makidoniya ya bi a 331 tare da 'yan rakiya, kuma ko a nan an ce sun kusa halaka, ruwan sama ya cece su, hankaki suka nuna musu hanya. Me zai sa sarkin da ya tsallake Sina'i da shiri ya tura mutanensa daga Tibis, can kudu, inda tafiyar ta fi tsawo da haɗari?

Daga Kharga a je dausayin Dakhla akwai rijiyoyi. Daga Dakhla zuwa Siwa kuwa, a miƙe, ya haura kilomita 500, kuma a tsakani akwai yankin da ake kira Babban Tekun Rairayi, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 72,000, jerin tuddan yashi masu miƙewa daga arewa zuwa kudu. A ƙaddara kowane soja yana shan lita 5 a rana, wanda kaɗan ne ga mai tafiya a ƙafa da makamai. Mutum 50,000 za su sha tan 250 kullum. Idan raƙumi yana ɗaukar kilo 150, ana bukatar raƙuma sama da 1,600 don ruwan yini ɗaya kacal, ga tafiyar ba ta gaza kwana 20 ba, su ma dabbobin sai sun sha. Duk madugun da ya taɓa kai ayari Bilma zai ce wannan lissafi ba ya tashi. Saboda haka masana da yawa suna ganin an kumbura adadin, kamar yadda marubutan dā suka saba, kuma ƙila rundunar 'yan dubbai ce.

1874 zuwa 1883: yadda hamada ke cin runduna

Sai a ƙarni na 19 aka samu wanda ya taka wannan hanya ya rubuta. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs, wanda tsakanin 1865 da 1867 ya ratso daga Turabulus ta Kawar da Kukawa da Bauci da Keffi har Legas, ya tashi a ƙarshen 1873 da kuɗin Khidiwi Isma'il na Masar, yana neman hanyar dausayin Kufra daga Dakhla. Ya ɗauki ruwa cikin tankunan ƙarfe, duk da haka tuddan yashi suka tare shi. A watan Fabrairun 1874 aka yi ruwan sama a wurin da ba a saba gani ba, ya cika tankunansa, ya bi tsakanin tuddan ya yi arewa, ya isa Siwa bayan kimanin mako biyu. Ƙaramin ayari ne, da kayan zamani, kuma da ƙyar ya sha.

Wasu abubuwa biyu da suka faru jim kaɗan bayan haka sun nuna wata fuskar. A ƙarshen 1880 Kanar Paul Flatters na Faransa ya tashi daga Wargala a Aljeriya da mutum kimanin 90, yana auna hanyar jirgin ƙasa da za ta ratsa Sahara ta nufi Ayar da ƙasar Hausa. Ranar 16 ga Fabrairu, 1881, jagororinsa suka janye shi da wasu hafsoshi zuwa wata rijiya mai suna Bir al-Gharama, inda Abzinawan Ahaggar suka yi musu kwanton ɓauna. Waɗanda suka rage suka juya arewa a ƙafa, ba raƙuma. An sayar musu da dabino mai guba, yunwa ta kai su ga cin gawawwakin juna, kuma babu Bafaranshe ko ɗaya da ya koma gida.

A 1883 kuma, Janar William Hicks ya ja rundunar Masar mai kimanin mutum 10,000 daga bakin Farin Nilu ya shiga Kurdufan don ya murƙushe Mahadi. Mayaƙan Mahadi, wato Ansar, suka riƙa bin su a baya suna hana su ruwa da barci, ƙishirwa ta galabaitar da su, aka gama da su a Shaikan, kusa da Al-Ubayyid, a farkon Nuwamba. Ɗaruruwa kaɗan ne suka tsira. An san labarin Flatters da na Hicks dalla-dalla ne saboda an samu 'yan tsira, ga jaridu, ga wayar tangaraho. A ɗauke waɗannan, a bar waɗanda suka yi nasara su kaɗai da bakin magana, su ma da sun shiga jerin rundunonin da ake cewa ƙasa ta haɗiye.

1918 zuwa 1960: tuluna, motoci da wani jirgin sama

A 1918 masanin ƙasa John Ball ya ci karo da wani tsauni kimanin kilomita 200 kudu maso yammacin Dakhla, gindinsa cike da ɗaruruwan manyan tuluna. Aka sa masa suna Abu Ballas, wato mai tuluna. Wasu suka ce ga ma'ajiyar ruwan Kambisis. Zancen ya daɗe yana yawo, sai da Carlo Bergmann ya gano a 1999 da 2000 cewa wurin zango ɗaya ne a cikin jerin zanguna kusan 30, masanan Jami'ar Kolon kuma suka nuna cewa mafi tsufan tulunan na wajen shekara ta 2200 kafin Miladiyya ne, sun girmi Kambisis da fiye da shekara 1,500. Hanyar ma ba Siwa ta nufa ba, tsaunukan Jilf al-Kabir ta dosa, kuma jakuna ne suka yi ta. Abin da Abu Ballas ya koyar shi ne yadda mutanen dā ke ratsa hamada: a jera tuluna tun kafin tafiya, a cika su, sannan ƙaramin ayari ya bi. Ba a samu irin wannan jeri na zamanin Farisawa a hanyar Siwa ba.

A shekarun 1930 neman rundunar ya zama abin yayi. Orde Wingate, hafsan Ingila, ya shiga da raƙuma a 1933 ya dawo hannu rabbana. László Almásy ɗan Hungari ya yi ta zagaye da mota da jirgin sama, bai same ta ba. Wanda ya fi amfanar da tambayar shi ne Ralph Bagnold, wanda ya ratsa Tekun Rairayi da motocin Ford a 1929 da 1930, ya kuma wallafa littafi a kan yadda iska ke kwasar yashi a 1941. Ya nuna cewa ƙwayoyin rairayi tsalle suke yi kusa da ƙasa, yawanci ba sa wuce tsayin mutum, abin da ke turnuƙe sama ya rufe rana ƙura ce. Tudun yashi ma a hankali yake matsawa, 'yan mitoci a shekara. Iskar kudu da Misirawa ke kira khamsin, mai busawa tsakanin Maris da Mayu, ba ta iya binne dubban mutane masu ƙafa a zama ɗaya. Abin da take iya yi ya isa kisa: tana share sawu da alamun hanya, ta tarwatsa dabbobi, ta ƙafar da ruwan salka, ta tsayar da tafiya kwana biyu ko uku alhali guzurin ruwa a ƙirge yake. Rairayin yana zuwa ne daga baya, ya rufe waɗanda ƙishirwa ta riga ta kashe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo misalin da aka iya bin diddiginsa. Ranar 4 ga Afrilu, 1943, wani jirgin yaƙin Amurka ƙirar B-24 mai suna Lady Be Good ya tashi daga Suluk, kusa da Bangazi, da mutum tara, don kai hari birnin Nafoli na Italiya. A dawowarsa cikin dare ya wuce sansaninsa bai sani ba, ya yi ta kutsawa kudu har mai ya ƙare, mutanen suka diro da laima. Hukuma ta ɗauka teku suka faɗa, can aka nema. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin daga sama, kimanin kilomita 700 cikin hamadar Libiya. Da aka isa gare shi a 1959, rediyonsa na aiki, akwai ruwa a ciki.

A Fabrairun 1960 aka samu gawawwaki biyar tare da littafin da mataimakin matuƙin, Robert Toner, ya riƙa rubutu a ciki. Mutum takwas ne suka haɗu bayan sauka, da rabin gorar ruwa a tsakaninsu. Sun zaci suna kusa da gaɓar teku, suka nufi arewa, suka yi kimanin kilomita 130 kafin biyar su kasa, uku suka ci gaba. Jirgin da ke ɗauke da ruwa da rediyo yana kudu da su, tafiyar yini ɗaya ko biyu. An samu biyu daga cikin ukun a watan Mayu, an samu wanda laimarsa ta ƙi buɗewa a Agusta, cikon na ukun kuwa, Vernon Moore, ba a tabbatar da gano shi ba. Wannan labari yana da nauyi ta fuska biyu. Ya nuna kuskuren alkibla kaɗai ya isa ya ɓatar da sojoji shekara 15 a zamanin jiragen sama. Ya kuma nuna cewa hamada tana adana abin da ya mutu a cikinta, takalmi da takarda da tufafi. Idan mutum tara sun bar wannan sawu, da wuya a ce dubban mayaƙa da garkuwoyi da māsu da tukwane sun kwanta wuri ɗaya ba a tsinci komai ba.

1983 zuwa 2009: shelar da ba ta tsaya ba

Ɗan jaridar Amurka Gary Chafetz ya kwashe wata shida tsakanin 1983 da 1984 yana bincike kudu da Siwa da na'urar hangen abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ya ga ɗaruruwan tarin duwatsu, bai ga runduna ba. A 2000 aka ba da labarin cewa masanan ƙasa na Jami'ar Helwan da ke neman mai sun ga ƙasusuwa da guntayen ƙarfe da tsumma, amma ba a fitar da wani binciken da ya danganta su da Farisawa ba. A Nuwamban 2009 wasu tagwaye 'yan Italiya, Angelo da Alfredo Castiglioni, suka yi shela a wani bikin fina-finai cewa sun samu wuƙar tagulla da kawunan kibau da ɗan kunne da ƙasusuwa a yankin Siwa. Jaridun duniya suka ɗauka. Zahi Hawass, shugaban hukumar kayan tarihi ta Masar a lokacin, ya yi fatali da zancen, ya ce ba su da izinin haƙa. Gaskiyarsa a nan a fili take: kan kibiya irin na Farisa zai iya zuwa hamada a hannun ɗan kasuwa ko mafarauci ko sojan sintiri, tunda Farisawa sun mulki Masar fiye da shekara 100, ƙashi kuma ba ya shaida sai an auna shekarunsa.

2014: duwatsun Amhaida

Bayani mafi ƙarfi ya fito ne daga inda ba a je neman runduna ba. A kufan Amhaida da ke dausayin Dakhla, masu haƙa a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar New York sun daɗe suna tono duwatsun wani rusasshen ɗakin bauta na gunkin Tot. Farfesa Olaf Kaper na Jami'ar Laiden ta Holan, wanda ke karanta rubutun jikinsu, ya tarar da cikakkun sunayen sarauta na wani Fetubastis, Bamisiren da aka sani ya yi wa Farisa tawaye ya kira kansa Fir'auna wajen 522 zuwa 520. Kafin nan ɗan abin da aka sani game da shi daga hatimai ne da wasu 'yan guntaye. Wanda ya samu sukunin gina ɗakin bauta a Dakhla, lallai ya yi ƙarfi a wurin kuma ya daɗe.

A 2014 Kaper ya gabatar da fassararsa. Rundunar ta tashi daga Tibis ne domin Dakhla ta nufa, kuma daga Tibis ta Kharga ita ce hanyar Dakhla ta asali. An tura ta ta murƙushe ɗan tawaye, shi kuma ya tare ta a ƙasar da ya fi ta sani, ya karya ta, wataƙila wasu sojojin suka koma ɓangarensa. Daga nan ya samu ƙarfin gangarowa Nilu har Mamfis. Kambisis ya mutu a 522 a hanyarsa ta komawa gida, Dariyus na Ɗaya ya karɓi mulki cikin rikici, kuma a rubutunsa na dutsen Bisitun ya lissafa Masar cikin ƙasashen da suka yi tawaye. Da ya maido da ita hannunsa wajen 518, a ganin Kaper, ya fi masa sauƙi a ce iska ce ta ci rundunar da a ce wani Bamisire ne ya ci ta.

Wannan fassara ta warware matsalar hanya, ta warware ta ruwa, ta kuma bayyana dalilin da ya sa aka daɗe ana nema kusa da Siwa ba a samu komai ba. Tana da nata rauni. Duwatsun sun tabbatar da cewa Fetubastis ya yi iko a Dakhla, ba su ambaci yaƙi ba, kuma sai an matso da farkon tawayensa baya da shekara biyu kafin ya dace da lokacin tafiyar. Batun cewa Dariyus ne ya ƙirƙiri labarin iska hasashe ne. Mai yiwuwa kuma abubuwan sun haɗu: khamsin ta tarwatsa sahu, jagorori suka zame, ƙishirwa ta raunana mutane, mayaƙan dausayi suka ƙarasa, kamar yadda aka yi wa Hicks.

Abin da ba hasashe ba ne shi ne yadda Dariyus ya ɗauki waɗannan dausayoyi bayan haka. Sunansa yana kan bangon ɗakin bautar Hibis a Kharga, wanda ke tsaye har yau kuma yana cikin gine-ginen zamanin Farisa mafi girma da suka rage a Masar. An samu sunansa a duwatsun Amhaida ma, a wurin da Fetubastis ya yi gini. A Ain Manawir, kudancin Kharga, an tono hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ƙauyen manoma na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, lokacin mulkin Farisa. Sarkin da ke mulki daga kogin Indus zuwa Libiya ya zuba dukiya da ma'aikata a wasu 'yan garuruwa masu nisan kwana bakwai daga Nilu, kuma Kaper yana ganin dalilin shi ne daga can aka taɓa karɓe Masar daga hannun Farisa.